Sannu da Aiki

Zuwa ga ƙanwata Aku,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da marasa lafiyarki. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu tana nan tana ƙorafi. Yayarki tana cin abinci, tana barci, hawan jinin ma ya sauka.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnena ya yi nauyi, ke ma kin sani, kuma garin da aka jefa ki aikin jinya magana ba ta isa sai rabi. Ban da haka, maganar waya ba ta da kwafi. Na dai yi ƙoƙari ban sa wa sakin layi lamba ba, tunda kin ce wasiƙata ta bara kamar takardar kora take.

An yi taron sallamata daga ma'aikata. An cika zaure, an yi jawabai, an ba ni agogon bango. Mutum yana aiki ba a ba shi agogo, sai ranar da ba shi da inda za shi. Aka ce na shiga ina ƙaramin akawu na fita ina babban sakatare, na yi wa gwamnatoci da yawa aiki, fayil bai taɓa ɓata a hannuna ba. Duk gaskiya ne. Na zauna ina saurare kamar ana maganar wani mamaci da na ɗan sani. Da aka tashi direba ya kawo ni gida, ya miƙa mini jakata, ya juya da motar.

Yanzu kullum ina gida. Ban san gidan nan da hantsi ba sai bana. Ashe rana tana shigowa falo har kan tebur.

Mantuwar yayarki ta ƙaru. Ran nan ta tambaye ni ko kin dawo daga makaranta. Na ce tukuna, ta ce wa Inna mai aiki a rufe miki abinci. Amma gidan bai ɓace mata ba. Ƙafarta ta san matakalar kicin da ta gutsure a gefe, hannunta ya san makunnin fitilar baranda da aka ɓoye bayan ƙofa, ta san sai an ɗaga famfon wanka sama kafin a murɗa. Likita ya ce gidan ne yake riƙe da ita, kada a sauya mata ko wurin kujera. Ni ma cikin kayan gidan nake. In ina kan kujerata ta gefen taga ta san ni mijinta ne, har ta yi mini faɗan ajiye kofi a ƙasa. Da muka je asibiti kuwa, sai ta tambayi nas ko wane ne tsohon nan da yake bin ta.

Wani ƙaramin abu. Takarda ta zo daga ma'aikata kan batun barin kwatas, wato gidan hukumar nan da muke ciki, kamar yadda ake wa duk wanda ya yi ritaya. Dogo ne ya sa hannu, wanda ya gaje ni, kin tuna shi, mai sunkuyawa in zai shiga ƙofar falonmu. Aku, takardar abin kunya ce. Babu lamba, babu dokar da aka dogara da ita, babu ranar fita. Wai in shirya barin gida a lokacin da ya dace. Na ɗauki jan biro na rubuta a gefe: wace rana? A ƙarƙashin wace doka? Na ba masinja ya mayar tun bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba. Shekara ashirin ina koya wa Dogo rubutu, ga abin da ya aiko mini.

Ki gaishe da yara.

Mijin yayarki.

*

Yallaɓai,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara suna gaishe ku. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, kuma ka daina zama wuri ɗaya kamar an ba ka gadin kujera. Na gode da rashin lambobin. Har na ɗan yi kewarsu.

A tsaye na karanta wasiƙarka a ɗakin magani, ina dariyar agogo. Da na zo ƙarshe sai na nemi wuri na zauna.

Yallaɓai, kai fa ka koya wa Dogo rubutu. Mutumin da jan bironka ya bi shi shekara ashirin, shi ne zai manta ranar fita? Ya manta lamba, ya manta doka, duk a shafi ɗaya? Haba. Da gangan ya yi. Ya rubuta ne don a ce ya rubuta, takardar ta je ta kwanta a fayil, ku kuma ku ci gaba da zama. Ya san halin da Yaya take ciki, kowa ya sani. Ya kuma san in ya buɗe baki ya ce ya ɗaga maka ƙafa, sai ka ci mutuncinsa. Shi ne ya bi ta bayan gida ya ajiye maka kyauta, kai kuma ka mayar masa da ita da jan biro.

Ban taɓa yi maka rashin kunya ba sai ta wasa, amma yau raina a ɓace yake. A gidan nan kuka raine ni tun ina 'yar firamare. Ni na goge kwat ɗinka, ni na yi sanɗa a tsakanin ɗakunan nan duk ranar da ka dawo da fayil. Na ga Yaya tana wanka da la'asar, ta sauya kaya, ta tsaya a baranda tana jiran ƙarar motarka don ta karɓi jaka. Allah bai ba ku haihuwa ba, ba ta da ɗa sai ni, ba ta da gari sai ɗakunan nan. Ina ganin masu irin ciwonta a nan. Wanda aka ɗaga daga inda ya sani, da wuya ya dawo daidai. In aka fitar da ita daga gidan nan, ba gida kaɗai za ka rasa ba.

Ka sa kwat ɗinka ka je wurin Dogo. Ba sai ka durƙusa ba. Ka ce masa matarka ba ta da lafiya, likita ya ce kada a motsa ta, a bar ku. Magana ce ta numfashi ɗaya. Mutane nawa suka zo gabanka da irinta? Ai ka san yadda ake faɗinta, ko da daga ji ne.

Ka ce wa Yaya na kusa dawowa daga makaranta.

Taka mai surutu,
Aku.

*

Ƙanwata Aku,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, ta same mu lafiya. Ina gasa gwiwar. Yayarki ta ɗan yi tari, ya wuce.

Kin yi gaskiya. Ni ma na gane, amma sai bayan masinja ya fita ƙofar gida. Ina tsaye a taga ina kallon bayansa na gane. Da na ɗaga murya zai ji. Ban ɗaga ba. Hannuna ne ya riga ni gyara takardar, kamar yadda hannun yayarki yake riga ta gano makunni.

Akwai abin da ba ki sani ba, don kina yarinya lokacin. Dokar barin kwatas ni na rubuta ta. Kafin ita, manya sukan yi ritaya su share shekaru a gidan hukuma, wasu su mutu 'ya'yansu su gada, ƙananan ma'aikata kuwa suna kwana da iyali a shago. Na rubuta takardar umarni shafi ɗaya: wanda ya bar aiki ya bar gida cikin wa'adi, babba da ƙarami. Na sha zagi a kanta, an kai ƙarata sama, an daina gaishe ni a wurare. Ban janye ba. In aka ce in nuna abu ɗaya da na yi a duk shekarun nan wanda ya amfani mutane, shi zan nuna. Akwai ranar da Dogo, yana mataimakina, ya shigo da takarda yana nema wa wani ma'aikaci ƙarin lokaci. Na tambaye shi me zai faɗa wa na biyu da na uku. Ya ɗauki takardarsa ya fita, bai sake kawo irinta ba.

Takardar barin gidan ta dawo a gyare. Lamba, doka, sakin layi, rana, komai a wurinsa. Na bi ta layi-layi ina neman kuskure ban samu ba. Ban san ko in yi alfahari ba. Ranar da aka sa ƙarshen watan gobe ne. Na kuma ji cewa an riga an ba wani darakta gidan, wanda aka yi wa canji daga nesa, yana zaune da mata da yara a ɗaki biyu na masauki.

Kin ce ranki a ɓace yake. Ina ma nawa zai ɓaci. Ba na jin komai, Aku. Ina tashi, in yi salla, in sha shayi, in zauna a kujera don ta san ni. Jiya tana ninke kwat ɗina ta ce, "Kai dai ba ka iya cire biro daga aljihu ba, kullum sai ka ɓata mini riga." Na ce ta yi haƙuri. Na san wannan maganar tana cikin abin da zan iya rasawa, na sani da kaina sarai, amma ƙirjina shiru kamar ofis ranar hutu.

Zan je wurin Dogo. Na rubuta abin da zan faɗa, na haddace.

Mijin yayarki.

*

Aku,

Gaisuwa. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya.

Na je ma'aikata na ga Dogo. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi jikin yayarki. An duba lamarin, an kuma rufe shi. Kada ki ƙara sa shi a ranki.

Hidima ta ɗan yi mini yawa, zan rubuto da tsawo daga baya.

Mijin yayarki.

*

Yallaɓai ranka ya daɗe,

Alhamdu lillahi! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na yi kwanaki a ƙauyuka muna rigakafi, sai da na dawo na tarar da 'yar wasiƙarka, gajeriya kamar takardar magani. Na karanta na yi guɗa a tsakar gida har maigidana ya fito ba takalmi.

Ka ga? Bakinka bai tsage ba. Da ma na san Dogo jira yake ka yi tari kawai. Allah ya yi masa albarka, ya ƙara masa tsawo in akwai sauran wuri. Ka yafe mini kaushin wasiƙata ta baya, tsoro ne ya sa.

Yanzu tunda kuna nan, bari in yi abin da na daɗe ina so. Labulen falo ya mutu, tun ina budurwa yake rataye. Na samo yadi mai launinsa sak, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, don kada Yaya ta ga baƙon abu. Awon tagar yana kaina, ni na sha wanke ta. Na ba tela ya ɗinka, zan aiko. Ka sa Inna ta rataya lokacin da Yaya take barcin rana, kada kai ka hau kujera ka faɗo mana.

In na sami hutu zan zo in kwana a ɗakina, in ci abincin da aka rufe mini.

Taka,
Aku.

*

Yallaɓai,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Na aiko labule, shiru. Na rubuto, shiru. Wayarka ta hannu a kashe, wannan ban yi mamaki ba.

Yau na sami layi na kira wayar gida. Wata mata ta ɗauka, ga hayaniyar yara a bayanta. Na ce ina neman Yaya. Ta ce, "Ayya, masu gidan na da? Ai sun tashi." Na ce ta yi kuskuren lamba, alhali ni na kira. Ta ce wani ƙunshi ya zo da sunanku, ta ba direban mijinta ya kai muku.

Na sake ɗauko wasiƙarka na karanta. An duba, an rufe. Sai yanzu na ga ba ka ce an bar ku ba. Ni na ce.

Kuna ina? Yaya tana ina? Ka rubuto ko da layi biyu ne, ka sa musu lamba in kana so.

Aku.

*

Ƙanwata Aku,

Sallama da gaisuwa. Muna raye, muna lafiyar jiki. Yayarki ta ɗan rame, amma tana ci in Inna ta ba ta. Wasiƙunki duka sun iso tare da labule. Muna gidan da na gina a bayan gari, wanda kika ce ya yi kama da asibitin sha-ka-tafi. Adireshin yana bayan ambulan.

Ban yi niyyar ruɗe ki ba. Haka na saba rubuta abin da ya ƙare. Ga yadda aka yi.

Na sa kwat na je. Maigadi ya sara mini, sannan cikin jin kunya ya miƙo mini takardar baƙi in cike. Ni na ƙirƙiro ta, na cike. Ban daɗe a ɗakin jira ba Dogo ya fito da kansa ya shigar da ni. Ya ƙi zama a kujerar ofis, ya zo ya zauna kusa da ni a doguwar kujera, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Aka kawo shayi a kofunan da na sani. Muka yi maganar rufin sashen ajiya da yake yoyo, da sababbin ma'aikata da ba su iya rubutu ba. Ya ce, "Yaya jikin Mama?" Na ce da sauƙi.

Sai ya ajiye kofinsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da takardar nan ta dawo da jan biro, na ɗauka umarni ne."

Jira yake in roƙa. Maganar da na haddace tana bakina, Aku, daga farko har ƙarshe. Na dubi teburin, na dubi tiren fayil, na dubi inda masu roƙo suke tsayawa a gefen kafet, har wurin ya koɗe. Na ji bakina ya ce, "Umarni ne."

Ban ji girman kai ba, ban ji tsoro ba. Bakin ne ya ba da amsar da ya saba bayarwa a ɗakin nan. Dogo ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya raka ni har bakin tasi, ya riƙe mini ƙofa, idonsa ya yi ja. Ya aiko da babbar motar ma'aikata ranar tashi, da mutanen da za su ɗauki kaya.

Ranar, yayarki ta zauna a baranda tana kallo ana fitar da kujeru. Ta tambaye ni ko fenti za a yi. Na ce e. Ta ce a yi hankali da kabad ɗin kwanuka.

Gidan nan komai nasa daidai ne. Makunni yana inda ya kamata, famfo yana buɗewa da murɗa ɗaya, matakala ba ta da gutsure. Ita kuwa sai ta kai hannu bayan ƙofa tana lalube, ta ɗaga famfo sama har ta kusa karya shi, ta ɗaga ƙafa a inda babu matakala. Na jera kayan falo yadda suke a can, na sa kujerata a gefen taga. Tagar tana hagu, ta can tana dama. Na zauna. Ta shigo ta gan ni, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta gaishe ni da ladabi.

Malam take ce mini yanzu. Tun safe take shiryawa, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya kamar mai jiran a kira ta wurin likita. Can sai ta ce, "Malam, don Allah yaushe za a mayar da ni? Maigidana zai dawo daga ofis bai same ni ba." Ina ce mata an kusa. Na koma ɗaya ɗakin, don ba ta yarda baƙo ya shiga nata. Inna ce take kwana da ita.

Ba ta kuka, ba ta faɗa. Ni ma haka. Muna zaune mu biyu a falo, kowa yana jiran a sallame shi. Na rataya agogon da aka ba ni, shi kaɗai yake magana.

Labulen ya yi kyau, launin ya dace. Ya yi wa tagar nan tsawo, yana jan ƙasa. Na ce Inna ta bar shi haka.

Mijin yayarki.

*

Yallaɓai,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagawa. Wadda na zage ka na yaga, wadda na ba ka haƙuri ma na yaga. Yanzu ba ni da ko ɗaya. Ina zuwa aiki, in yi allura, in dawo. Maigidana ya ce na daina surutu, gidan ya yi masa faɗi.

Ga abin da na yanke. Ka ba ni yayata. Akwai ɗaki a nan kusa da nawa, asibiti yana tsallaken titi, zan nemi aikin safe kawai. Tunda gidan da ya riƙe ta ya tafi, duk inda aka kai ta baƙunta ne, gara ta yi baƙunta a hannun wadda ta iya jinya. Har yanzu tana tambayata, ko ba komai sunana bai ɓace mata ba. Kai kuma ka huta. Ba za ka iya zama kullum ana ce maka Malam a gidanka ba, ko da ka ce ba ka jin komai. Ni na san kana ji, wurin ne ba ka sani ba.

Ba hukunci nake yi maka ba. Ka kula da ita iyakar yadda ka iya. In ka amince, da na sami hutu zan zo da mota mu taho da ita da Inna.

Aku.

*

Ƙanwata Aku,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan surutu ya dawo, don maigidanki ya samu sauƙi. Muna lafiya. Gwiwa ta ragu, tafiya ta karɓe ta. Yayarki ta ɗan mayar da jiki.

Na jinkirta amsa don ina so in tabbatar da wani abu kafin in rubuta.

Akwai sauran mabuɗan tsohon gida da suka maƙale a hannuna, na sito da na ɗakin janareto. Na sa kwat, na zuba su a tsohuwar jakata tare da takardar miƙa kaya, na kai sashen gidaje. Aka daɗe ana neman mai sa hannu, ban baro ba sai lokacin tashi. Na hau tasi cikin cunkoson ma'aikata, na iso gida da la'asar.

Ina buɗe ƙofa na gan ta a tsaye. Ta yi wanka, ta sauya kaya, babu mayafi. Ta miƙo hannu ta karɓi jakar, ta ce, "Ka dawo? Sannu da aiki. Yau ma sun riƙe ka." Ta wuce gabana zuwa falo, ta ajiye jakar a gefen kujera, ta ce wa Inna a kawo shayi. Ta dube ni ta ce wuyan rigata ya yi datti, wai ko noma muke yi a ofis ɗin. Na zauna na sha shayin. Na ɗan zubar a kafet, ta yi mini faɗa. Kafin magariba ta ja mayafinta ta ce, "Malam, ba ka tafi ba?"

Washegari na sake gwadawa. Na sa kwat da safe, na ɗauki jaka, na fita, na dawo da la'asar. Ta karɓi jakar. Na gwada dawowa da azahar, ba ta san ni ba. Na gwada ba jaka, ta tsaya tana kallona tana shakka. Sai da kwat, da jaka, da lokacin. Ba kullum yake ci ba, amma ranakun da yake ci sun fi yawa.

Don haka na koma aiki, Aku. Ina fita da safe. Akwai benci a barandar gidan waya, ƙarƙashin inuwa, kusa da mai gyaran takalmi. Nan nake zama. A jakar akwai jarida, da maganina, da gorar ruwa, da wasiƙunki. Jan biron na bar shi a aljihun tebur. Wani lokaci tsofaffin ma'aikatana suna wucewa su gan ni, su rasa yadda za su gaishe ni. Ina ɗaga musu hannu.

Zaman bencin yana sa tunani. Daga ƙofa zuwa ƙarshen kofin shayi, iyakar lokacin da take sanina ke nan. Da na duba baya, sai na ga ai da ma iyakar abin da take samu daga gare ni ke nan. Ina gama shayi nake buɗe fayil, ku kama sanɗa. Ina tsammanin shi ya sa shi kaɗai ya rage mata. Wannan na ji shi, Aku. Kin ce ban san wurin ba, na gano shi, yana ƙasan haƙarƙari ta hagu.

Abin da kika faɗa gaskiya ne, kin fi ni iya jinya, kuma kina da haƙƙi a kanta. In kin zo da mota ba zan tare ƙofa ba. Amma a can ba wanda zai dawo mata daga ofis. Ni ma ba inda zan dawo.

Ki bar mini ita. Don Allah ki bar mini ita. Matata ba ta da lafiya, kuma ina so a bar mu. Roƙo ne, ban taɓa rubuta irinsa ba, in akwai kuskure ki gyara.

Ki zo hutun dai, ɗaki yana nan. In za ki shigo, ki shigo da azahar, ki riƙo littattafai a hannu, mu gani ko za a dace.

Zan tsaya nan. A kan benci nake rubutu, ma'aikata sun fara fitowa, kuma ba ta son in makara.

Mijin yayarki.